Darasi na 9: Maganin Zazzaɓi Ba a Rage Shi

Ba sai na tsaya gaya muku cewa sauro ke kawo zazzaɓi ba. Kun san kwata, kun san kududdufi, kun san yadda asibiti ke cika idan malka ta kankama. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sauron ma a jikin mutum yake ɗaukar cutar. Ba a ƙyanƙyashe shi da ita. Sai macen sauro ta sha jinin mai ciwo, cutar ta yi kwana 10 zuwa 14 tana girma a cikinta, sannan ta iya zuba wa wani. Wani likitan Ingila, Ronald Ross, shi ya gano haka a Indiya a 1897.

To, ƙwayoyin cutar da ke cikin jini kashi biyu ne. Akwai masu fasa jini, su ke kawo masassara da ciwon kai da amai. Akwai kuma waɗanda ba sa sa ciwo ko kaɗan, maza da mata, kamar irin da manomi ke warewa don shukar baɗi. Suna yin kamar kwana goma a ɓargo kafin su nuna, sannan su fito cikin jini su jira sauro. Maganin da ake bayarwa yanzu, irin su Coartem, yana kashe masu sa ciwo da sauri, yana kuma kashe irin nan tun yana ɗanye. Amma sai an sha shi duka, sau shida cikin kwana uku. Sau shida na ce, ba sau uku ba.

Ku dubi abin da ke faruwa a gidajenmu. Yaro ya kwana jiki rau, an kai shi an gwada, an ba da kati guda na magani. Rana ta biyu ya tashi ya fita ƙwallo. Uwargida ta naɗe ragowar katin ta jefa cikin langa.

Amarya ta ce, "Yaya, ai na ji malamar asibiti ta ce sai ya ƙare."

"Ke dai Amarya! Yaron da ya tashi da malmala biyu yanzu? Lafiyayye kike so in ɗura wa magani? A bar shi, watarana zai yi rana."

Maigida yana alwala a bakin rijiya, ya ce, "Ƙyale ta. Kuɗi na sa na saya, ba tsinta na yi ba."

Ba a rufe baki ba sai ga 'yar maƙwabta ta yi sallama. "Wai in ji Innata tana gaishe ku, in da ragowar maganin zazzaɓi a sam mata, Auta ba lafiya." Uwargida ta ɓalli ƙwaya biyu ta ƙulle mata a bakin zane, har da saƙon Allah ya sawwaƙe. Ita a ganinta zumunci ta yi.

Yanzu ku lissafa. Yaron gidan ya sha rabi, Auta ya sha gutsure, babu wanda cutar ta ƙare a jininsa. Ƙwayoyin cutar da suka tsira za su ci gaba da hayayyafa, su ware sabon iri. Daren nan kuma yaron a tsakar gida zai kwana saboda zafi, gidan sauron yana can an kewaye 'yan tsaki da shi. Nan da wata guda jaririn Amarya ya kama zazzaɓi, a ce iska ce, ko haƙori. Ni abin da ke ƙona mini rai ke nan. Mutum ya share gidansa, ya ɗaura gidan sauro, ya ba 'ya'yansa magani yadda aka ce, amma maƙwabcinsa na kiwon cuta a bayan katanga, sauro kuwa bai san katanga ba.

Kuma cutar da ta ɗanɗani magani ba ta mutu ba, ita ce ke zama mai taurin kai. Kulorokwin da muka taso muna sha ya daina ci, har Nijeriya ta sauya shi a 2005. Kada ku rage magani. Kada ku raba shi da kowa, ko ɗan'uwanku ne.

Sauran bayanin gajere ne. A gwada jini kafin a sha. A sha da madara ko abinci mai maiƙo, ya fi shiga jiki. In yaro ya amayar cikin rabin awa, a sake ba shi, a koma asibiti a karɓo cikon. Ko an shanye duka, irin da ya riga ya nuna yakan yi makonni a jini, don haka wanda ya warke ya ci gaba da kwana cikin gidan sauro. Haka ma maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, na farko a gaban ma'aikata ake sha, na rana ta biyu da ta uku yana hannun uwa, kuma shi ma ba a ajiye shi.

Mako mai zuwa kowa ya buɗe langa da ƙarƙashin katifa, ya zo da duk katin maganin da ya samu. Za mu karanta rubutun da ke bayansa tare, mu ƙirga ƙwayoyin da suka rage.