Amsoshin Tambayoyinku: Gyara Lafazin Turanci

Wata mai sauraronmu daga Fagge tana tambayar yadda za ta gyara lafazinta na Turanci. Malama, abin nema shi ne a fahimce ki, ba ki koma mutumiyar Landan ba, kuma kunne ne ke gyara harshe. Hausa ba ta raba "p" da "f", shi ya sa muke cakuɗa su. Sai kunne ya ji bambancin kafin leɓɓa su iya. Ki riƙa sauraron sashen Turanci na BBC kina maimaitawa, ki naɗi muryarki a waya ki kwatanta, sannan ki shiga kasuwar Sabon Gari ki yi ciniki da Turanci. Wani zai ce ai Buroka ake yi a can. Haka ne, amma ba ɗauko lafazi za ki je ba; gwaji za ki yi, ki ga ko mai shago zai gane ki ba tare da ya ce ki maimaita ba.