Darasin Fiƙihu: Hukuncin Mayar da Na'urar da Aka Saya ta Intanet

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halatta ciniki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa, abin da ya jawo wannan darasi shi ne wani bawan Allah da ya same mu bayan sallar La'asar riƙe da wayar salula. Ya ga hotonta a WhatsApp wurin wani ɗan kasuwa na Yamai, ya tura jika 85, aka sako masa ita a motar fasinja zuwa Maraɗi. An ce masa ma'ajiyarta giga 128 ce, ya tarar da 64, batirinta kuma ba ya kai Azahar. Da ya kira mai kayan, amsar da ya samu ita ce: abin da aka saya ba a mayarwa. Wannan magana ta yaɗu a bakin masu sayar da waya da kwamfuta da batirin sola, har wasu sun ɗauka hukunci ce. To, ba hukunci ba ce.

Shi cinikin a kan kansa ya halatta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a shekarar 1990, lokacin da ɗan ƙasarmu Hamid Algabid yake babban sakataren ƙungiyar, ta tabbatar da ƙulluwar ciniki ta tarho da faks da kwamfuta. Ta keɓe aure da canjin kuɗi da cinikin salam, kowanne da dalilinsa. Amma tun kafin wannan zama da fiye da shekara dubu, Imamu Malik, wanda ya rasu a 179 bayan hijira, ya yi magana a Muwaɗɗa a kan fataken da ke sayar da ƙunshin tufafi ba tare da an kwance ba, sai dai a karanta takardar da ta faɗi yawansu da irinsu. Ana kiran wannan takarda barnamaj. Idan aka kwance aka sami kaya daidai da ita, ciniki ya lizimci mai saye. Idan sun saɓa, yana da zaɓi. Hoto da bayanin da ke ƙarƙashinsa su ne barnamaj na yau. Saboda haka wayar da aka siffanta da 128 ta zo da 64 ana mayar da ita ko da lafiyarta ƙalau, domin ba ita aka saya ba.

Sai maganar aibi, kuma nan ne rigima ta fi yawa. Aibin da ake mayar da kaya saboda shi shi ne wanda yake rage daraja a idon mutane, ya kasance tun kayan suna hannun mai sayarwa, mai saye kuma bai san da shi ba. Batirin da ya kumbura, allon da aka canja da jabu, tsohuwar waya da aka goge aka sa a sabon kwali: duk sun shiga. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya hore shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma barranta daga mai algus. Malaman mazhabarmu sun wajabta wa mai sayarwa ya faɗi aibin dalla-dalla. Ba ya isa ya ce "na-hannu ce, ka san halin na-hannu". Haka nan sharaɗin kuɓuta daga kowane aibi a dunƙule ba su yarda da shi ba a irin waɗannan kaya. Rubuta "ba a mayarwa" a ƙasan hoto ba ya wanke wanda ya san batirinsa matacce ne ya yi shiru.

Akwai wata mas'ala da muke ganin mutane suna juya ta. An sako firiji ko talabijin a mota, ya iso a fashe, mai sayarwa ya ce shi dai ya ba direba. A mazhabar Malikiyya, kayan da aka saya ba a gani ba suna cikin lamunin mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa, sai fa in an sharɗanta akasin haka tun farko. Idan kuwa kai ne ka aiki ƙanenka ko direbanka ya karɓo, to, hannunsa hannunka ne, asarar hanya taka ce. Shaihu Halilu a Muhtasar ya kuma bambanta wanda ya ɓoye aibi da gangan da wanda bai sani ba: mai ɓoyewa shi ke ɗaukar nauyin komawar kaya inda suka fito. Kuɗin mota ke nan a zamaninmu.

Kada mai saye ya ji daɗi da yawa, domin shi ma akwai nasa. Wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da na'ura kamar ba komai, an ɗauka ya yarda. Wanda ya yi shiru fiye da kwana biyu ba da uzuri ba, haƙƙinsa na mayarwa ya faɗi. In mai sayarwa yana nesa, malamai sun ce a kafa shaidu. Shawararmu ita ce a buɗe kwali gaban mutum biyu, a ɗauki bidiyo, a danna *#06# a gwada lambar IMEI mai alƙaluma 15 da wadda ke jikin kwali, a aika saƙo a ranar, a kuma ajiye rasit na tura kuɗi. Idan wayar ta faɗi a hannunka allonta ya tsage, sannan tsohon aibi ya bayyana, kana da zaɓi: ko ka riƙe ta a biya ka ragin tsohon aibi, ko ka mayar ka biya ragin da ka jawo. Amfanin da ka yi da ita kafin ka ga aibin, ba a binka kuɗinsa. Mun kuma ji ana jefa waya a ruwa a shanya ta a ce haka ta zo. Wannan algus ne, zunubinsa bai gaza na mai sayarwa ba.

Wanda kuwa ya karɓi abin da aka siffanta masa lafiya lau, sai kawai ransa ya juya, ko ya ga mai rahusa a Kano, ba shi da haƙƙin tilasta kowa. Abin da ya rage masa shi ne roƙon iƙala, wato warware ciniki da yardar juna, kuma hadisin Abu Dawuda ya yi wa mai karɓar wannan roƙo albishir da yafiyar Allah. Sai dai in an sharɗanta kwanakin zaɓi, wanda ya halatta gwargwadon abin da gwajin kayan ke buƙata.

Wasu matasa suna kafa mana hujja da Turai. Gaskiya ne dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta ba mai saye daga nesa kwana 14 ya mayar ba tare da faɗin dalili ba, Faransa kuma ta shigar da ita cikin dokarta a 2014. Amma wannan dokar can ce, ba ta hau kan ɗan kasuwar Damagaram ko Tawa ba. Abin da ya hau kansa shi ne abin da ya faɗa da bakinsa ko ya rubuta. In ya ce garanti wata uku, wata ukun nan bashi ne a wuyansa ko ba takarda.

Shi kuwa mai wayar nan, mun kira ɗan kasuwan a gabansa, muka karanta masa bayanin da shi da kansa ya rubuta a ƙarƙashin hoto. Ya ce yaron shagonsa ne ya rubuta. Muka ce masa yaron wakilinsa ne, maganarsa a cikin shagon maganar maigidansa ce. Ya nemi a ba shi zuwa Juma'a. Darasi mai zuwa, in Allah Ya so, zai duba hukuncin biyan kuɗi kafin a karɓi kaya.