Yadda Ake Zaɓen Lasifika da Amfilifaya na Mota

Bara na sa wa motar yayana sababbin lasifikoki, cikin mako biyu suka ƙone. Laifina ne, domin babbar lambar da ke jikin kwali na bi.

Da farko, a duba lambar RMS, wato ƙarfin da lasifika ke iya ɗauka kullum. Ƙarfin amfilifaya ya yi daidai da ita. Na biyu, yawancin lasifikokin mota om 4 ne. In aka haɗa su om ɗin ya sauka ƙasa da abin da amfilifaya ke jurewa, zai yi zafi. Na uku, wufa amo mai kauri kaɗai take fitarwa, kuma sai da akwatin da ya dace da ita. A ƙarshe, a sa fis kusa da batir don gudun gobara. Rigakafi ya fi magani.