Sunan Nan Hannatu

A karanta: 1 Sama'ila 1:1 zuwa 2:21, Luka 2:36-38.

'Yan'uwa cikin Almasihu, in kun buɗe tsohon littafin baftisma na ekklisiyarku, da wuya ku juya shafi biyu ba ku ga Hannatu ba. Amma ku shiga ajin Lahadi yau ku kira sunan, sai malamar ta amsa, yara kuwa su yi ta dubanku. Bari mu bincika inda sunan nan ya fito, domin wanda ya ke so ya bar shi ya san abin da ya ke bari.

Asalinsa Ibrananci ne, Hanna, ma'anarsa kuwa alheri ko tagomashi, watau kirkin da babba ya kan yi wa ƙarami ba don ya cancanta ba. Daga saiwan nan kuma Yohanna da Hananiya suka tsiro, ma'anarsu Ubangiji ya yi alheri.

Mace ta fari da muka sani da sunan ita ce matar Elkana, mutumin Rama. Ku lura, sunanta Alheri, amma shekara da shekaru ba ta ga haihuwa ba. Kishiyarta Feninna tana da 'ya'ya, ta kan tsokane ta, tun ba lokacin da su ke haurawa Shilo yin sujada ba. Duk wanda ya tashi a gidan kishiyoyi ya san irin wannan habaici, ba sai an fassara masa ba. Elkana yana ƙaunarta ƙwarai, amma ta'aziyyarsa irin ta maza ce, gama yana tsammani shi kaɗai ya isa ya maye mata gurbin 'ya'ya goma. Har Eli firist, da ya ga leɓunanta suna motsi ba a jin murya, ya ce ta bugu ne. To, da ta bayyana masa baƙin cikinta, ya sa mata albarka, ita kuwa ta roƙa ta sami tagomashi a gabansa (1:18). Kalmar da ta faɗa a wurin, da sunanta, saiwarsu ɗaya ce. Ta koma ta ci abinci, fuskarta ta sake, ga shi kuwa a sa'an nan ko ciki ba ta ɗauka ba tukuna. Wannan aya ce na kan roƙi matan zumunta su tsaya a kanta, gama muna da mata cikin ekklisiya da dangin miji su ke yi wa aikin Feninna, wasu ma da Littafi a hannunsu.

Allah ya ba ta Sama'ila. Da ta yaye shi ta kai shi Shilo bisa ga wa'adinta, kowace shekara kuma ta kan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Bayansa ta haifi maza 3 da mata 2. Hannatu ta biyu ita ce tsohuwar annabiyan nan ta Luka, 'yar Fanuyila, wadda ta ga jariri Yesu cikin haikali ta ba da labarinsa.

Helenawa da Romawa suka mai da sunan Anna. Bayan gyaran ekklisiya na ƙarni na 16, sa'ad da mutanen Ingila suka sami Littafi cikin harshensu, suka koma ga Hanna irin ta Tsohon Alkawari. Daga baya ya yi sanyi, ya zama sunan kakanni. Sa'an nan ya sake tashi, har a Amurka ya zama na biyu cikin sunayen jarirai mata a 1998, da 1999, da 2000, kana ya soma sauka. Ashe yayin suna kamar yayin zane ne.

Ina kuma “tu” ɗin nan ta ƙarshe ta fito? Daga Larabci. A Larabci ana rubuta Hanna da Sara da harafin ƙarshe irin na A'isha da Amina, Bahaushe kuwa ya kan furta shi, ya ce A'ishatu, Aminatu. Haka muka sami Saratu, da Rifkatu, da Lai'atu, da Hannatu, amma Rahila da Maryamu ba su da ita, gama ba su da harafin nan. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932, Likita Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka yi aikinsa, kuma ba a tilasta wa bakinmu furcin Turawa ba. Aka bar matan nan da tufafin Hausa, masu bi na fari kuwa suka raɗa wa 'ya'yansu sunayen da murna.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da Hannatu. Alƙur'ani ya ba da labarin matar Imrana, uwar Maryamu, bai faɗi sunanta ba, amma masu tafsiri suna ce da ita Hanna. Wani littafin Kirista na ƙarni na 2, wanda ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, shi ma ya kira uwar Maryamu Anna. Saboda haka in ka tsaya bakin wata Islamiyya a Rigasa lokacin tashi ka kira Hannatu, ba za ka rasa mai waiwayowa ba.

A nan ne fa maganar ta yi nauyi. Tun rikicin Kaduna na 2000 da na 2002, masu bi da yawa suka bar Rigasa da sauran unguwannin arewa suka ƙetare kogi, Musulmi da yawa kuma suka baro kudu. Garin ya rabu, yanzu kuma sunaye suna so su bi sawu. Wani uba ya ce mini ba zai sa wa 'yarsa Hannatu ba, wai kada a ɗauka ta wancan ƙetare ce. Na san abin da idonsa ya gani, ban raina tsoronsa ba. Amma a ganina hasara ce mu sallama sunan da ya ke cikin Littafinmu don maƙwabci yana ƙaunarsa. Bulus a Atina ya soma wa'azi daga abin da mutanen suka riga suka sani. Yarinya mai bi da ta tarar da takwararta a makaranta ko a kasuwa, ga ƙofar zance ta buɗe: ke wace Hannatu aka yi miki takwara da ita? Ni ga labarin tawa.

Kada dai wani ya mai da suna laya. Hananiya na Ayyukan Manzanni 5 yana da alheri cikin sunansa, duk da haka ya yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya ya faɗi matacce. Ba na kuwa hana sunan Turanci, Littafi bai hana ba. Sai dai in kun kawo jaririya a yi mata addu'ar suna, ku san ma'anar abin da za ku raɗa a kunnen fasto, shi kuma ya bayyana wa jama'a da Hausa. Uban nan da na ambata, Favour ya sa wa 'yarsa. Na gaya masa wannan ita ce Hannatu da Turanci, ya yi mamaki ƙwarai. Kakar yarinyar kuwa har yau ba ta iya faɗinsa ba, Febo ta ke kiranta.