Awon Rini a Cikin Lemon Kwalba da Sauran Kayan Sha

Wanda ya sayi lemon kwalba iri ɗaya a Legas, ya sayi wani a Kano, ya kuma sayi na uku a Enugu, in ya jera su a kan tebur zai ga launinsu bai bambanta ba ko kaɗan. Wannan kuwa aikin awo ne. Launin ruwan goro da ke cikin kwalbar, galibinsa ba daga 'ya'yan lemo ya fito ba. Rini ne, wanda 'yan kasuwa suke kira kala, aka auna aka zuba. Shi kuwa rinin abinci ba ya ƙara wa jiki kome, ba ya kashe ƙishirwa, ba ya hana lemo lalacewa. Amfaninsa kawai jawo ido. Saboda haka ne doka ta ƙayyade irin da za a zuba da kuma yawansa.

Asalin rinin

A 1856 wani saurayi ɗan Ingila mai suna William Perkin ya fitar da rini daga kwaltar gawayin ƙasa. Tun daga nan masana suka yi ta ƙirƙiro ire-irensa, yau kuwa daga man fetur ake samo kayan haɗa yawancinsu. Kaɗan ne daga ciki aka yarda a sa a abinci, kowanne kuma da lambarsa. Rawaya, watau tatarazin, shi ne E102. Ruwan goro, wanda Turawa suka yi wa laƙabi da rawayar faɗuwar rana, E110. Jajaye su ne E122 da E124 da E129, shuɗi kuma E133. Baƙin lemon kola na daban ne, don shi daga toyayyen sukari ake yin sa, lambarsa E150. Wasu kamfanoni sukan rubuta INS a maimakon E, amma lambar ba ta sakewa.

Abin da ya sa ido bai isa ba

Tsohon marini a Ƙofar Mata ta birnin Kano yakan dubi ruwan baba ya san ko ya kai. Gwaninta ce, ba mai musu. Amma zane ake rinawa, ba a sha. A lemo, ido yana ruɗin mai shi ta hanyoyi da dama. Ruwa ɗaya ya fi duhu a cikin faffaɗar kwalba bisa ga siririya. Launin da aka gani da hantsi ba shi ake gani ba a ƙarƙashin fitilar lantarki. Mafi muni kuma, da zarar launi ya yi ƙarfi, ko an ninka rinin sau biyu, ido da ƙyar zai ga ƙari. Ke nan mai zuba kala da ka yana iya wuce iyaka nesa alhali yana tsammani daidai ya yi.

Wani mai masana'antar giya a Ingila, Joseph Lovibond, ya sha wannan wahala, har ya ƙera wata na'ura wajen 1885, mai jerin gilasai masu launi, kowanne da lamba. Sai a ajiye ruwan a gefe ɗaya, a yi ta sauya gilasai a ɗaya gefen har su yi daidai, a rubuta lambar. Har yanzu masu tace man girki suna aiki da ma'auninsa. Sai dai shi ma da ido ya dogara.

Yadda ake awo a ɗakin bincike

Na'urar da ta raba gardama ita ce ta awon haske. Hikimarta ba wuya. Kowane rini yana haɗiye wani sashe na hasken da ya ratsa shi, ya bar saura ya wuce, sauran nan shi ne launin da ido yake gani. Ana auna sassan haske da nanomita. Tatarazin ya fi haɗiye haske a wajen nanomita 427, E110 a wajen 482, E129 a wajen 504, shuɗin E133 kuwa a wajen 630. Muddin ruwan bai yi kauri ainun ba, in rini ya ninka, ma'aunin hasken da ya haɗiye shi ma sai ya ninka.

To, mai awo yakan fara da auna tsantsar rini a sikeli, ya haɗa ruwa kashi huɗu ko biyar da ya san ƙarfinsu, alal misali miligiram 5, da 10, da 15, da 20 a kowace lita. Ya zuba kowanne a ɗan ƙaramin gilashi mai faɗin santimita ɗaya, ya sa a na'ura, ya rubuta abin da ta nuna. In ya ɗora sakamakon a takardar zane, sai ya ga ɗigogin sun jeru a miƙaƙƙen layi. Layin nan shi ne mudunsa. Sa'an nan ya ɗauko lemon da ake tuhuma, ya girgiza shi har iskar ta fita sarai, don kumfa tana karkatar da haske ta ɓata awo. In lemon mai gurɓi ne ya tace shi, in ya cika duhu ya sirka da ruwa gwargwado sananne. Inda awonsa ya faɗa a kan layi, nan ne yawan rinin, sai a riɓanya da yawan sirkin.

Wahalar tana zuwa ne sa'ad da aka gauraya rini. Koren lemo yawanci rawaya ne da shuɗi, su kuwa sun yi nisa da juna, ana iya auna kowanne a wurinsa. Amma rawaya da ruwan goro maƙwabta ne, awon ɗaya yana shiga na ɗaya, tilas a raba su tukuna. Ko ɗan makaranta yana iya ganin yadda rabon yake: a ɗiga koren lemo a gindin takardar tacewa, a tsoma bakinta a ruwan gishiri, ruwan yana hawa sai a ga shuɗi ya yi nasa wuri, rawaya ya yi nasa. Manyan ɗakunan bincike suna yin wannan rabo da injin da ke tura ruwan ta cikin siririn bututu, kowane rini ya fito a lokacinsa a auna shi.

A masana'anta ana maimaita awo a kan kowane dami na ruwan sukarin da aka haɗa, ana kuma ajiye kwalabe a ga yadda za su yi bayan watanni, gama hasken rana da bitamin C suna koɗar da irin wannan rini. Jarabar da ke nan ita ce a ƙara kala tun farko don kada lemon ya koɗe a rumfar mai tireda. Maganin gaskiya shi ne a raba kwalba da rana.

Iyakar da aka sa

Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona shi ke ƙiyasta abin da mutum zai iya ci kullum, tsawon ransa, ba tare da fargabar cuta ba. Ga E110, miligiram 4 ne ga kowane kilo na nauyin jiki. Hukumar Kodeks, wadda hukumomin nan biyu suka kafa a 1963, ta yarda da miligiram 100 na wannan rini a kowane kilo na lemo, kusan lita ɗaya ke nan. A Nijeriya, hukumar SON ce ke tsara ma'aunin kayan masana'antu, NAFDAC kuma, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa kayan sha rajista tana kuma bincikarsu.

Lissafin yana da kyau iyaye su yi shi da kansu. Magidanci mai kilo 70 rabonsa miligiram 280 a yini. Yaro mai kilo 15 kuwa miligiram 60 kacal. In lemo ya kai iyakar da aka yarda, kwalba mai santilita 35 tana ɗauke da miligiram 35, biyu sun zama 70. Ashe yaron ya wuce rabonsa da kwalba biyu, ba a ma lissafa alewa da ƙanƙarar leda da ya sha a ƙofar makaranta ba. Wuce iyaka rana ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, don an bar sarari mai yawa a cikin ƙiyasin. Abin gudu shi ne ya zama al'adar kullum.

A 2007 masana a Jami'ar Sawsamton ta Ingila suka ba yara 'yan shekara 3 da 'yan 8 zuwa 9 abin sha mai gaurayen rini da wani maganin hana lalacewa, suka ga rashin natsuwa ya ƙaru a wasunsu. Masana ba su haɗu a kan ƙarfin wannan hujja ba, amma duk da haka daga 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke da ɗaya daga rini shida: E102, E104, E110, E122, E124 da E129. A 2012 kuma ta rage iyakar E110 a lemo zuwa miligiram 20 a lita.

Bambancin iyaka tsakanin ƙasashe ya taɓa jawo shari'a. A 2007 wani ɗan kasuwa ya kai Fanta da Sprite na Nijeriya Ingila, hukumomin can suka riƙe kayan bisa cewa rinin E110 da sinadarin benzowik sun wuce ma'auninsu. A 2017 Babbar Kotun Legas ta umurci NAFDAC ta sa a rubuta gargaɗin kada a haɗa lemon da bitamin C, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kuwa ta bayyana cewa lemon bai saɓa wa ma'aunin Nijeriya da na Kodeks ba. Duk mai niyyar fitar da kayan sha waje, ma'aunin ƙasar da zai kai shi ne zai fara nema.

Masu ƙananan sana'a

Mai haɗa lemo a gida don sayarwa ba ta da na'urar awon haske, ba ta kuma bukatarta, in dai za ta auna kafin ta zuba. Miligiram 100 a lita daidai yake da giram ɗaya a lita 10. Jarka mai lita 20 ke nan kada ta wuce giram 2 na tsantsar E110, kuma sau da yawa rabin haka ya wadatar. Murfin kwalba da bakin cokali ba ma'auni ba ne. Ɗan ƙaramin sikeli mai nuna giram shi ne abin nema. Kalar da aka ƙulla a leda ba suna ba lamba, a bar ta a kasuwa, don ba mai iya rantsuwa ba rinin tufafi ba ce, shi kuwa ba a yi shi don ciki ba. A nemi mai lambar rajistar NAFDAC da lambar rinin a jiki.

Zoɓo ma bai kamata a sa masa kala ba sam, don da jansa ya zo. In ya dushe, yawanci ruwa ne ya yi yawa ko kanwa ta taɓa shi, gama launinsa yana bin tsami: kanwa takan mai da shi baƙi-baƙi, 'yar matsar lemon tsami kuwa takan komo da shi ja wur.