Yadda Ake Zuwa Tudun Yashin Yusufari Daga Azare

Mutumin Azare da ke son ganin inda hamada ta haɗu da ruwa ba ya buƙatar fasfo. Arewacin Jihar Yobe ya ishe shi: dausayin Bade da Nguru, sannan tudun rairayin Yusufari da kwaruruwan Bulatura, waɗanda ke cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991.

Fara da zaɓen lokaci. Tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da yashi bai yi zafin ƙona ƙafa ba, kuma tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai sun sauka a Dagona. Bazara kuwa, kada ma ka gwada.

Kafin ka ɗaure kaya, bincika lafiyar hanya. Yankin yana dab da iyakar Nijar, kuma ya ɗanɗana rikicin Boko Haram. Tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, ka sake tambaya idan ka isa Gashuwa. In an ce ka dakata, dakata. Riƙe katin shaidarka kusa saboda shingayen jami'an tsaro, kuma kada dare ya same ka a hanya.

Yi sammako daga Azare zuwa Potiskum, daga nan ka hau motar Gashuwa ka kwana. Mai sha'awar tarihi yana iya bi ta tsohon garin Katagum na Malam Zaki, inda Bature Kilafaton ya sauka a 1824, sannan matafiyin ya fita ta Haɗeja zuwa Nguru, ya ƙarasa Gashuwa. Wannan hanyar ta fi tsawo, amma ni ita na fi so, don tana bin ruwan da ke zama Kogin Yobe.

A Gashuwa nemi ma'aikatan gandun dajin kafin ka shiga Dagona. In za ka hau kwalekwale, biya masunci ya tuƙa ka. Ciyawar kacalla ta toshe mashigai da yawa, baƙo ba zai gane hanyar fita ba.

Daga Gashuwa ka wuce Yusufari. Daga Yusufari zuwa ƙauyen Tulo-Tulo ne aikin yake. Kwalta ta ƙare. Ɗauki hayar mota mai ja da ƙafa huɗu tare da direban da aka haifa a wurin, domin iska tana share sawun taya cikin dare ɗaya. Za ka ga ya sauko ya rage iskar tayoyi kafin ya shiga yashi. Rabu da shi, haka ne motar ba ta kafewa. Ku tafi da jarkar ruwa fiye da yadda kake zato, da man fetur, da shebur, da rawanin kare hanci, da bargo, don sanyin asuba can ba ya wasa. Kuɗi kuwa riƙe su a hannu, sabis na waya yana ɗaukewa.

Da ka isa ƙauye, fara da ƙofar Bulama ko Lawani. Gaishe shi, faɗi daga ina kake da abin da ya kawo ka, ka roƙi ɗan jagora. Mangawan wurin suna jin Hausa, amma gaisuwa ɗaya da Barbarci tana sa a saki jiki da kai. Shi ɗan jagoran ne zai gangara da kai kwari, inda dabino da goruba suka yi inuwa, masu haƙar kanwa suna tara ta fari fat a bakin ruwa. Nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, musamman mata, kuma ka sallami ɗan jagoranka da kyau tun kafin la'asar, ku kama hanyar Yusufari da sauran rana.