Yadda Ake Auna Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Yi Masa Harimi

Birnin Kano a kan fa yake zaune, dutse mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi, saboda haka ruwan da mutanen Gwammaja da Dala da Ƙofar Ruwa ke jawowa da guga ba wani kogi ba ne da ke gudana ƙarƙashinsu kamar yadda jama'a ke zato, illa ruwan damina ne da ya tsuma, ya zauna cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke bisa fa ɗin da cikin tsage-tsagensa. Taska ce ƙarama in an gwada ta da ta ƙasar Haɗeja da Barno, inda yashi mai kauri ke riƙe da ruwa, ga ta kuma kusa da doron ƙasa, har duk abin da aka zubar a sama, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya cim mata. Lura da ita hakki ne a wuyan hukumomi, tun daga ma'aikatar ruwa ta jiha har zuwa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, da hukumar NIHSA ta tarayya, wadda dokar 2010 ta ɗora wa tattara bayanan ruwan ƙasar nan.

Aikin daga zauren mai unguwa yake farawa, domin rijiyoyin birni a tsakar gida suke, baƙo kuwa ba ya shiga sai da izini, shi ya sa ake tafiya da duba-gari da ma'aikatan lafiya mata. A ƙidaya rijiyoyi da burtsatsai, a rubuta wadda aka ɗaure da wadda ba a ɗaure ba, da tazarar kowace da masai da kwatami, sa'an nan a nemi lissafin masu amai da gudawa da taifot a asibitocin yankin. Mai hankali a cikin ma'aikata ba ya wuce tsofaffin mahaƙa da masu yasar rijiya, mutanen da suka san gaba nawa ake yi kafin a fasa marmara, da lungun da ruwansa ke da zartsi tun zamanin iyayensu. Ilminsu ba ya cikin kundi, kuma suna ƙarewa tun da injin haƙa ya karɓe musu sana'a.

Sai awon zurfin ruwa, wanda a nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. Ana roƙon mutanen gida kada su ja ruwa bayan lisha, a zo musu da asuba kafin guga ya shiga, domin rijiyar da aka sha ja ruwanta ya sauka, in aka auna ta a haka ƙarya za ta faɗa. A yi alama da fenti a bakinta, wadda daga ita za a riƙa awo har abada. Dattijon da na ga yana wannan aiki, da tef na ƙarfe yake yi mai darma a ƙarshensa. Sai ya goga wa mita biyun ƙasa alli, ya zura a hankali yana kiyaye kada tef ya taɓa jikin rijiya, domin danshin bango yana shafe allin ya ɓata lissafi, har ya tsayar da shi a kan cikakkiyar lamba daidai alamar fentin, sa'an nan ya jawo da sauri kafin jiƙar ta bushe, ya karanta inda ruwa ya ci alli, ya ɗebe wannan daga wancan. Yakan maimaita, in awo biyu suka saɓa ya yi na uku, kuma ba ya rufe littafinsa sai ya tambaya ko an kawo wuta da daddare, domin in maƙwabci ya kunna injin burtsatsensa, zai iya janye ruwan rijiyar ba tare da masu gida sun sani ba. A yau akwai na'urar da ke ƙara da zarar ta taɓa ruwa, ta sauƙaƙa wahalar allin, amma ba ta iya yin waccan tambaya. Bayan haka safiyo yana auna tudun bakin kowace rijiya, domin mita 10 a gindin Dala ba ɗaya ba ne da mita 10 a gangaren Jakara. Da wannan ake gane inda ruwan ke dosa a ɓoye, a kuma gane cewa masan da ke tudu da rijiya, ko da ya ɗan yi nisa, ya fi na gangarenta hatsari. Ana awon a ƙarshen bazara, lokacin da ruwa ya kai maƙurar sauka, da ƙarshen damina, lokacin da ya cika, kuma shekara guda ba hujja ba ce, tun da fari irin na 1973 ko 1984 yana saukar da kowace rijiya. Sai an ga ruwan yana kasa komawa matsayinsa shekara bayan shekara, alhali damina ta yi kyau, sa'an nan a hukunta cewa ɗiba ta fi zubowa.

Ruwan gwaji a kwalbar da aka dafa ake ɗibarsa, a sa cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji a ranar. A nan akan sha jayayya da magidanta, domin a fiƙihu ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba mai tsarki ne, kuma gaskiya ne ya halatta a yi alwala da shi. Sai dai tsarki daban, lafiyar sha daban. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya na 2007 bai yarda da ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya cikin mililita 100 ba, bai kuma yarda naitiret, wanda daga masai yake tsatsowa ya cuci jarirai, ya haura miligiram 50 a lita ba. A wajen Bompai da Sharaɗa da Challawa kuwa, inda kamfanonin jima suke, sinadarin kuromiyam ake bibiya. Duka a zuba bisa taswira, a shata wuraren da suka fi tsanani.

Kariyar kuwa malamanmu sun riga sun yi mata babi, domin Malikiyya sun ba rijiya harimi, suka ƙaddara shi da gwargwadon abin da zai hana a cutar da ruwanta ko a ƙuntata wa masu zuwa ɗiba. Ma'aikatan lafiya mita 30 suke nema tsakanin rijiya da masai, abin da da wuya ya samu a cikin ganuwa, inda gado ya rarraba gidaje har katanga ɗaya ke raba rijiyar wani da masan wani. Don haka sai a koma ga ɗaure rijiya da siminti, a ɗaga bakinta, a yi mata dakali da murfi da guga guda na dindindin, a riƙa zuba kulorin. A wajabta neman lasisi kafin haƙa burtsatsen kasuwanci, bisa dokar ruwa ta 1993, domin an ga yadda rijiyoyin Barno masu feso ruwa da kansu suka raunana sa'ad da aka bar su suna kwarara dare da rana. A hana cike sauran kududdufai, a kuma hana mai da su juji, tun da ta cikinsu ruwan sama ke samun hanyar nutsewa.

Rijiyar da ta ƙi gyaruwa rufe ta ake yi, amma a ganina zalunci ne a rufe wa talaka rijiya a bar shi da tsadar 'yan garuwa, matuƙar famfo bai iso lungunsa ba, alhali tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo wa birni ruwan Challawa, aka kuma gina madatsar Tiga a 1974. In an rufe ta kuwa, cike ta ake yi da yumɓu ana daddaƙawa, a toshe samanta da siminti, domin in aka bar ta a buɗe, ba a rasa wanda zai mai da ita masai, ya aika ƙazanta kai tsaye cikin ruwan da dukan maƙwabta ke sha.